Goggo Adawiyya Mai Jan Farcen Masu Jego

Kafin rana ta yi zafi a Daura, Goggo Adawiyya ta riga ta yayyafa wa randarta ruwa. Ba ruwan sha ne a ciki ba, kwalaben jan farce ne a tsaitsaye cikin yashi mai laima, can ƙuryar ɗaki. Zafin garin nan ba ya raga wa jan farce, ka bar shi bakin taga ya kafe kamar ƙaro. Takan ɗauko kowace kwalba ta share bakinta da tsumma, ta murɗe murfin gam. Ba ta girgizawa, sai dai ta mulmula tsakanin tafukanta, wai girgiza kumfa take sa shi. Ka kuskura ka kwantar mata da kwalba kuwa, ranar za ka ji ta bakinta.

Jan farce ba ya barin ruwan alwala ya taɓa farce, shi ya sa Goggo ba ta shafa wa mai sallah. Mutanenta masu jego ne, waɗanda jinin biƙi ya ɗauke musu sallah. Sauran masu kwalliya gidan suna suke rububi. Ita kuwa gidan da ba za a yi suna ba take nema, inda aka haihu jaririn ya koma.

Ta sha surutu. Wai ina ita ina shiga gidan rasuwa da kayan kwalliya? Amsarta ba ta taɓa canjawa ba: "Wadda ta yi naƙuda ta haihu mai jego ce, da goyo ko babu."

Ku tambayi Inna Laraba, wadda ta taso daga Baure jinyar 'yarta Safiyatu. Haihuwar fari ce, jaririyar ta koma tun kafin a yanke cibi. Safiyatu ta juya wa duniya baya, ko kunun kanwa ta ƙi sha, kullum sai ƙara zubewa take yi. An yi rarrashi, an yi faɗa, a banza. Goggo ta zo, ko kallo ba ta samu ba. Washegari ta dawo. Rana ta uku ma ga ta a bakin gado tana mulmula kwalba, ko a jikinta.

"Goggo, ki ƙyale ni," in ji Safiyatu. "Wa zai gani?"

"Ni zan gani, 'yar nan. Miƙo hannun."

Don dai a rabu da ita ta miƙa. Goggo ta shafa wa ɗan ƙaramin yatsa kaɗai, ta rufe kwalbarta.

"Hannunki rawa yake yi, yunwa ce. Ni ba na shafa wa hannu mai rawa, ɓata min aiki za ki yi. Sha kunun nan, gobe in ƙara miki ɗaya."

Inna Laraba ta ce da idonta ta ga yarinyar ta tsura wa yatsan nan ido, ta fashe da kukan da ta kasa yi tun ranar haihuwa, sannan ta jawo kwanon kunu. Haka aka bi yatsun ɗaya bayan ɗaya. Da jini ya ɗauke, Goggo ta zo da auduga da maganin gogewa, ta share farcen tas don wankan tsarki ya inganta. Ba ta bar gidan ba sai da ta ga Safiyatu tsaye a kan tabarmar sallah.

Ke ce, Goggo, mai naci, wadda ba a kora ta tafi. Bana tsufa ya sa naki hannun ya fara rawa, kika ajiye aikin da kanki, kika ce dokar da kika kafa wa wasu ba za ta tsallake ki ba. Wallahi abin ya yi mana ciwo. Mun gode, Allah Ya saka miki da alheri.

Mu kuma da ta bar wa aikin, idan aka haihu a unguwarmu jariri ya koma, kada mu tsaya kan "Allah Ya ba da mai amfani" daga bakin ƙofa. Mu shiga mu zauna. In an kore mu, gobe mu koma.