Tayoyin Kawu Mai Faci

Shekara talatin Kawu yana faci a bakin titinmu, bai taɓa yar da tsohuwar taya ba. Jibge su yake bayan shago, wai za su yi rana. Da damina ta sauka, kowace taya ta riƙe ruwa, wani sauro mai zanen fari ya fara cizo da tsakar rana. Zazzaɓi ya kayar da Kawu, gaɓoɓinsa suka ƙage, ko sifana ya kasa riƙewa. Likita ya ce ba maleriya ba ce, ya ambaci wata cutar da ba mu taɓa ji ba. Jiya na ga tela maƙwabcinsa yana tafiya a duƙe. Tayoyin suna nan, ga hadari ya sake haɗuwa.