Gwaggo Ba-komai da Teburin Marigayi

Ga ta nan, ga ta nanku, jama'a. Ku amsa da "ta zo mu ji ta," ko da yake wannan ba tatsuniya ba ce. Mai labarin tana nan da ranta, tana shafa wa gwiwoyinta man zafi.

Gwaggo Ba-komai ake ce mata, don ko tukunya ce ta kife a gabanta, abin da za ta fara faɗa ke nan. Sana'arta riƙe wa mutane kicin ranar da suka gayyaci baƙi cin abinci. Da hantsi za ka gan ta ta fito, jaka a hammata, ciki da wuƙarta da tsumman sauke tukunya. In ta shiga gida ba murhu take fara dubawa ba, fuskar matar gida take kallo. Da ta ga ido ya yi zuru-zuru, sai ta karɓe ludayin hannunta ta soke a ƙugu, ta ce, "Je ki yi wanka. Ke baƙi suka zo gani, ba miya ba." Ludayin nan kuwa ba ya komawa hannun mai shi sai baƙo na ƙarshe ya sa takalmi.

Matar mai gyaran rediyo shaida ce: ranar da gas ya ƙare mata ana tsakiyar girki, Gwaggo ta sunkuci tukunya ta ƙarasa a maƙwabta, ta dawo da abincin da maƙwabciyar gaba ɗaya. Abu guda kawai ake gunaguni a kansa. Kullum sai ta bar wani aiki ba ta gama ba, ko lemu ba a ɓare ba, ko kujeru ba a jera ba. Wasu suka ce tsufa ne. Maman 'yan biyu ce ta gano ba tsufa ba ne.

Mijin Maman 'yan biyu tela ne, yayansa kuma direban babbar mota. Da mahaifinsu ya kwanta ciwon ajali, Direba yana kan hanya, bai iso ba sai bayan an binne. Cikin zafin rai Tela ya ce masa, "Kai dama baƙo ne a gidan nan." Tun daga ranar ko gaisuwa ba ta ƙara haɗa su ba. Mahaifiyarsu, Inna, ta yi ta ramewa, har ta ce ita burinta kawai ta ga yaran nan sun ci abinci wuri ɗaya kafin ta bi mijinta. Da ƙyar matar Direba ta shawo kansa ya yarda zai zo cin abinci gidan ƙanensa, amma ya ce in aka yi masa kallon banza, ko ruwa ba zai sha ba.

Da ranar ta zo, Gwaggo ta tarar da Maman 'yan biyu ta jibge kifi da kaji da nama, tana shirin miya kala uku.

"'Yata, runduna za ki ciyar? Shinkafa, miya ɗaya, kaza. Sauran a mayar firji."

"Gwaggo, kar Yaya ya ce an raina shi."

"Ba komai. Kawo ludayin."

Tela ya leƙo ya ce bari ya kira maƙwabta a fito da teburin marigayi mahaifinsu daga ɗakin ajiya, don nauyinsa ya fi ƙarfin mutum ɗaya. Gwaggo ta ce ya bari, akwai lokaci. Lokacin nan bai zo ba har aka yi sallama a ƙofa bayan magariba. Maman 'yan biyu ta fito fes da ita, ta ga tsakar falo wayam, babu tebur.

Direba ya durƙusa ya gaida Inna, ya zauna yana kallon silin. Tela ya ƙura wa tafin hannunsa ido.

Sai ga Gwaggo a guje daga kicin, riƙe da ƙatuwar tukunya da tsumma, tana ihu: "Wayyo hannuna! Ina zan ajiye? Ƙarti biyu kun zauna kuna kallona, ku ɗauko tebur!"

Ba wanda ya tsaya tunani. Suka zabura tare. Ƙofar ɗakin ajiyar ƙarama ce, teburin kuma ya ƙi fita.

"Ɗaga gefenka!"

"Na ɗaga! Kai ne ba ka karkata ba."

"Za ka matse min yatsa, ɗan nema!"

"Haba Yaya, kai da kake juya tirela a lungu, tebur ya gagare ka?"

Inna ta ɗago kai. Rabonta da jin "Yaya" a bakin nan tun mijinta na da rai.

Da suka dire shi a falo, sai ya karkace gefe guda. Direba ya ce, "Har yanzu ƙafar nan tana rawa? Baba kwali yake sa mata." Tela ya riga ya sunkuya da kwalin a hannu, yayan ya ɗaga masa. Gwaggo ta ce, "Yauwa," ta koma kicin da tukunyarta. Maman 'yan biyu ta bi ta, ta buɗe murfin. Ruwa ne, ko ɗumi bai yi ba. Ta jingina da bango ta sauke wata doguwar ajiyar zuciya, dariya da hawaye suka zo mata tare.

Ana cikin ci Tela ya ce, "Yaya, maganar nan da na faɗa..."

"Miƙo min miya tukuna," in ji Direba. Ya ƙara har sau biyu.

Gwaggo, ke ce mai shiga gida ta ƙofar baya ki fita ba tare da jiran yabon abinci ba. Ke kika san baƙon da aka ba wa aiki ya daina zama baƙo. Kin wanke kwanonin unguwar nan kaf, ba ki taɓa fitar da sirrin kicin ɗin kowa ba. Yau da gwiwoyi suka ce ki zauna, mun gode, Allah ya saka miki da alheri, ya ba ki lafiya. Ku kuma masu kiran baƙi, ku rage tukwane, ku yi wanka da wuri, ku bar wa baƙo abin da zai kama muku.

Inna ta mayar da jikinta. Direba ba ya wuce gidan ƙanensa in ya dawo daga tafiya. Teburin yana falo, da kwalinsa a ƙafa. Gwaggo Ba-komai tana gidan ɗiyarta tana hutawa, kuma ludayin Maman 'yan biyu yana cikin jakarta har yau, don mai shi ta ce kar a dawo mata da shi.