Katin Porzia Ba Ya Fita Shi Kaɗai

Porzia Ladisa ta yi shekara talatin da ɗaya tana tsaron ƙofa da shara a wata makarantar firamare a unguwar Libertà, nan birnin Bari. Ita ke kaɗa ƙararrawa, kuma waɗanda suka yi karatu a can har gobe suna rantsuwa cewa ba ta taɓa kaɗa ta kafin lokaci ba, ko ranar da rufi ya yi yoyo a kan malamai. Mijinta ya rasu da daɗewa. 'Ya'yanta biyu, Onofrio mai gyaran famfo da Sabina mai aiki a kantin magani, sun yi aure sun bar ta a hawa na ɗaya daga ita sai talabijin. Sukan leƙo ranar Lahadi su ci taliya, su duba agogo, su kama gabansu. Daga Litinin zuwa Asabar ba muryar da take ji sai ta mai karanta labarai.

Tana da shekara saba'in da shida ta zame a banɗaki ƙugunta ya karye. Aka yi mata aiki aka sa ƙarfe, ta fito asibiti tana tura abin dogarawa mai ƙafa huɗu. Hukumar gari ta ba ta shuɗin katin nan mai hoton keken guragu, na shekara biyu, wanda ke ba mota damar yin fakin a layin ɗorawa, wato filin nan mai fenti ruwan ɗorawa da aka keɓe wa nakasassu. Porzia ba ta da mota, ba ta ma iya tuƙi ba. Amma ta sa tabarau ta karanta takardar da ta zo da katin daga sama har ƙasa, sau biyu, abin da ina jin ko wanda ya rubuta ta bai yi ba.

A garin nan namu mutum kan samu matar aure kafin ya samu wurin fakin. Saboda haka da Onofrio ya ƙwanƙwasa ƙofa ranar wata Talata, da ledar kek a hannunsa, Porzia ta san banza ba ta kai zomo kasuwa.

"Mama, ya jikin? Kin ga har kin yi kumatu. Af, wannan katin naki, ara mini shi na awa ɗaya mana, banki kawai zan leƙa."

"Ƙugunka ne ya karye?"

"Haba Mama, kowa haka yake yi. Ƙanen mijin Sabina shekara uku ke nan yana yawo da na kakarsa, ita kuwa tana maƙabarta."

"Allah ya ji ƙanta, ba ta da halin hana shi. Ni ina da rai. Hoton wa ke bayan katin?"

"Naki."

"To duk inda ya je, da fuskar za a je."

Haka ya tallabo ta suka sauko bene. A ƙofar banki ya shiga layin ɗorawa, ya ɗora katin a gaban gilashi, ya ce ta zauna a mota, minti biyar zai yi. Ta miƙa hannu ta ɗauke katin ta mayar jaka.

"An ba ni shi ne don a kusanto da ƙafata bakin ƙofa. In ba sauka zan yi ba, wurin nan na mai sauka ne. Ja motarka, ko ka buɗe mini ƙofa."

Ya buɗe. Tafiyar taku ashirin ta ci musu kwata guda na awa. A ciki ta gane ma'aikacin da ke karɓar kuɗi, tsohon ɗalibin makarantarsu ne, ta tuna masa a gaban jama'a cewa shi ne ya fasa tagar aji uku.

Daga ranar Porzia ta zama mai yawo. Sharaɗinta ɗaya ne: duk inda aka je sai ta sauka, kuma sai tana da abin yi a wurin. A shagon aski ta sa a rage mata gashi don kada a ce ta zo a banza, har ta koma kamar sabon soja. A kantin kayan famfo kullum sai ta sayi robar bakin famfo guda ɗaya. Yanzu haka akwai aljihun tebur guda a gidanta da ba komai a cikinsa sai su. Ta je kasuwar kifi a bakin teku. Ta je filin ƙwallo, inda ta koyi zagin alƙalin wasa kafin ta gane wane ɓangare ne namu. Da Sabina ta ji labari ita ma ta shigo, sai ga wa da ƙanwa suna cacar baki a waya kan wanda zai ɗauki Mama ranar Asabar.

Wata maƙwabciya, irin masu faɗin gaskiya don ta yi zafi, ta tare ta a matakala ta ce, "Porzia, kin dai san don katin suke zuwa ko?"

"Na sani," in ji ta. "Da can ko don komai ba sa zuwa."

Ta sani sarai. Kuma tana jin daɗi, daɗin da rabonta da shi tun mijinta na da rai. Abin da ba ta faɗa wa kowa shi ne, takan ciro katin ta duba ranar ƙarewarsa, ta ƙirga watannin da suka rage.

To, wanda ke sauka mota sau huɗu a rana, yana hawa matakalar filin ƙwallo, ƙafarsa ba za ta zauna yadda take ba. Abin dogarawa mai ƙafa huɗu ya koma sanda, sandar ma sau biyu tana manta ta a shagon aski. Ana haka takarda ta iso: shekara biyu sun cika, in tana so a sabunta katin sai ta bayyana gaban likitan hukuma.

Ranar zuwa wurin likitan da safe Onofrio ya sauko da tsohon abin dogarawar daga saman kabad, ya goge masa ƙura da hannun rigarsa. A mota ya fara ba ta karatu.

"Ba ƙarya za ki yi ba, Mama. Ki dai tuna yadda kike tafiya bara waccan. Ki ɗan ja ƙafar. In ya taɓa ƙugun ki ce wash."

"Sau nawa zan ce?"

"Mama, da gaske nake."

Ta juya tana kallon titi. Ba dokar take tunani ba, Litinin zuwa Asabar take tunani, da ɗakin nan da mai karanta labarai. Kuma gaskiyar magana, ta riƙe abin dogarawar gam har cikin ofishin likita.

Likitan ya duba takardu ya ce, "Sinyora, ki taka daga nan zuwa taga, gwargwadon yadda za ki iya."

Porzia ta dubi ɗanta, ta dubi taga. Ta jingine abin dogarawar a bango, ta taka tsaf har bakin tagar, ta gyara labulen da ya karkace, ta dawo ta zauna.

"Matakala fa?"

"Hawa ɗaya, sau biyu a rana. Da ledar kifi."

Onofrio ya rufe fuska da hannu biyu. Likita ya ce, "Barka, Sinyora, kin warke."

"Na gode, Likita," ta ce, da irin muryar da ake amsa gaisuwar ta'aziyya.

Ranar da katin ya ƙare, da ƙafarta ta je ta mayar wa hukuma kayanta, ta karɓi takardar shaida. Makon farko ba wanda ya zo sai ranar Lahadi. Mako na biyu Sabina ta bugo waya. Porzia ba ta yi da-na-sani ba, amma ta yi kuka wata Laraba da rana tana feraye dankali, kukan da ba ta yi ba ko a asibiti.

Asabar ta uku sai ga Onofrio yana haki a bakin ƙofa.

"Mama, sa takalminki. Mai aski ya ce ba zai taɓa kaina ba sai da ke. Wai na jefar da ke tare da katin."

"Ƙarya ya yi?"

Ya sunkuyar da kai ya sosa ƙeya. "Motar na can nesa, bayan tashar jirgi. Za ki iya takawa?"

"Likita ya ce zan iya."

A unguwar mai askin suka shiga zagaye. Layin ɗorawan da ke ƙofar shagon babu kowa a cikinsa, suka wuce shi ba wanda ya waiwaya. Onofrio na tuƙi yana zagin duk mai mota a Bari da iyayensa, tsakanin zagi da zagi kuma sai zance ya ɓalle masa: gwiwarsa da ta fara ciwo in ya durƙusa ƙarƙashin famfo, da rigimar da suka yi da matarsa kan komawa ƙauyensu, abubuwan da bai taɓa faɗa a teburin Lahadi ba.

A zagaye na huɗu Porzia ta hango wata jar mota tana fita daga bayan motar burodi, ta bar fili wanda ko babbar mota za ta shige. Onofrio na kallon ɗaya gefen. Ta buɗe baki, ta mayar ta rufe.

"Kin ga wani wuri, Mama?"

"Zaga dai," ta ce. "To, daga nan sai matar taka ta ce me?"