Gonar da Baba Kofur Ya Ce An Ara Masa

Shekara goma sha biyu ke nan da aka kai kakana, Baba Kofur, makwancinsa. Da so samu ne, addu'a kawai zan rubuta masa in yi shiru, amma mutanen garinmu sun hana ni. Saboda haka duk wanda ya ga kansa a wannan rubutu, kada ya turo kowa ya ba ni haƙuri. Shi nake nufi.

Ga wanda bai san shi ba, Baba Kofur ba a ƙasar nan aka haife shi ba. Daga Cadi ya ƙetaro yana saurayi, ya yi dako, ya yi gadi, da yaƙin basasa ya tashi ya shiga sojan Nijeriya. A can ya haɗu da Garba, ɗan mai garin ƙauyenmu da ke gefen Makoda. Ranar da harsashi ya fasa wa Garba cinya kowa ya yi ta kansa, Baba ne ya saɓo shi a kafaɗa ya fito da shi daga daji. Da aka sallame su, Garba ya rantse ba za su rabu ba, ya taho da shi gida. Mai gari ya kama hannun Baba yana hawaye, ya kai shi wani fako a gabashin gari, ya ce daga yau naka ne. Fako fa, inda ko akuya ba ta tsayawa. Baba ya yi ta jidar taki a jaki, rani bayan rani, har ƙasar ta yi baƙi ta fara ba da gero. Ya auri 'yar gari, aka haifi mahaifiyata, Inna Ladi, wadda ita kaɗai ta rage a 'ya'yansa.

Hausarsa ta bariki ce, kuma har ya mutu ba ta miƙe ba. Namiji ya ce masa ke, mace ya ce mata kai. Ni Uwargida yake kirana, irin wasan kaka da jika, sai ka ji ya ce, "Uwargida, kai ka ci abinci?" Akwai kuma kalmar da ya ƙi jini, wato ba ni. A ganinsa umarni ne irin na hafsoshi, kuma ya ce ya ji umarnin da ya ishe shi. Sai ya maye gurbinta da ara mini. Ara mini goro, ara mini ruwa in sha. Ranar da ya je neman auren kakata ma cewa ya yi a ara masa mata, har yau ana ba da labarin a majalisa ana sheƙa dariya. Haka duk wanda ya yaba masa gona, sai ya ce, "Alhamdu lillahi, mai gari ya ara mini."

Mu jikokinsa ba mu taɓa jin wani gargada a bakinsa ba. Mutumin da ke goge mana takalman makaranta kamar za mu fita fareti. Ya ɗora ni a bayan keke, ƙanena a gaba, ya yi ta turawa a cikin yashi yana haki, sannan ya zauna a gindin darbejiyar makaranta har a tashi, wai kada wani ya dake mu. Masarar fari ba ya bari kowa ya taɓa sai ya gasa mana da hannunsa. Ranar da zan tafi kwaleji a Bici, ya sa tsohuwar hularsa ta soja, ya ƙame a tasha ya sara mini a gaban kowa. Kunya ta kusa kashe ni a ranar. Yau kuwa in na tuna kuka nake yi.

To, ku ji abin da garin nan ya saka masa da shi. Bana ƙasa ta yi daraja, 'yan birni na zuwa da motoci suna nuna gonaki da yatsa. Kwatsam sai Alhaji Sabo, ɗan Garban nan na cikinsa, ya tuna cewa gonar gabas ta kakansa ce, aro aka bayar. Aka taru a ƙofar dagaci, aka nemi shaidu. Wallahi dattawa ne masu furfura suka miƙe ɗaya bayan ɗaya suna cewa da kunnensu suka ji marigayi ya ce aro ce. Su ɗin nan da suka yi shekaru suna kwaikwayon maganarsa suna riƙe ciki don dariya. Babu ɗaya a cikinsu da bai san abin da yake nufi ba. Tir da irin wannan tsufa.

Wanda ya fi ƙona mini rai shi ne Malam Tanko, abokin tabarmar Baba, wanda suka ci a kwano ɗaya. Na same shi a ƙofar gidansa, na durƙusa na gaishe shi yadda aka koya mini, sannan na ce, "Baba Tanko, goron da yake cewa ka ara masa, ya taɓa dawo maka da shi?" Ya ce, "'Yar nan, ki bar maganar manya." Na ce, "Ruwan da ya ara ya sha fa? Kakata fa, ita ma tono ta za mu yi mu mayar?" Ya sunkuyar da kai ya ci gaba da jan carbi. Ban san me yake gaya wa Allah a wannan carbin ba.

Nakan tambayi kaina abin da Baba zai yi da yana raye. Na san shi sarai. Ba zai ɗaga murya ba. Zai je ya gaida Sabo, ya tambayi yara, ya dawo ya ce mini, "Uwargida, kai ka yi haƙuri." Ni ban gaji wannan halin ba, kuma ba na neman in gada. Haƙurinsa ne ya sa kuka raina shi yana da rai, shi ne kuma ya sa kuke ganin za ku cinye 'yarsa bayan ransa.

An yanke cewa Inna ta girbe geron bana ta bar gonar. Na kai ƙara gaba, ban san yadda za ta kaya ba. Abin da Baba ya bari ba shi da yawa: lambar yabo a cikin gwangwani, jikoki da suka yi karatu, da baƙar ƙasar da ya yi da guminsa. Kai ma Sabo kana cikin abin da ya bari, don da ya ajiye ubanka a dajin nan, da ba a haife ka ba balle ka yi baki. Allah Ya jiƙan Baba Kofur, Ya ba shi gidan da ba mai tashinsa.

Makon jiya na je gida na tarar da Inna a tsakar gida tana tara taki kamar yadda ta saba. Ashe Sabo ya aiko mata cewa in an yi girbi sai su koma garinsu. Matar da aka binne cibiyarta a bayan ɗakin nan, wadda ba ta taɓa wuce Kano ba, wadda ba ta jin ko kalma ɗaya ta yaren ubanta. Ta jingine tsintsiya ta dube ni, ba fushi a fuskarta, tambaya take yi tsakani da Allah. Ta ce, "Ke da kika yi boko, wai ina ne garin namu?"