Malamar da ke kai ɗaliban kasuwanci bakin kwata

Kullum da safe, kafin mu masu mota mu gama neman wurin ajiyewa, Malama ta riga ta buɗe tagogin ajin da ke ƙarshen baranda, ta goge allo da kanta, ta daidaita kujeru. Ni dabarun talla nake koyarwa, ofishina na jikin nata, shekara da shekaru ina jin dariyarta ta bango. Bana za ta yi ritaya, kuma saura ƙiris darasinta ya bi ta.

Darasin shi ne ɗa'ar kasuwanci da haƙƙin jama'a a kan ɗan kasuwa. To, ɗalibanmu kun san su, kowa riba ya zo koyo. Sai su zauna can baya suna latsa waya, suna cewa, "Wannan ai wa'azi ne, ba ya kawo abinci."

Ita kuwa ba ta musu da kowa. Cewa take gobe kowa ya zo da takalmin da ba ya tausayi. Ta kwashe su zuwa wata masana'anta ko wurin rini, amma ba ta ƙofar gaba ba. Ta baya ake zagayawa, a nemo inda ruwan datti ke fita, a bi shi da ƙafa har gidan farko da ya tarar, a gaisa da mutanen gidan, a tambaye su yadda suke. Shi ya sa ɗalibai suka laƙaba mata Malama Kwata, ta kuwa karɓa hannu bibbiyu.

Na taɓa bin su, na gani da idona. Wata ɗaliba 'yar gayu tana toshe hanci tana mita, har muka isa gidan wata tsohuwa, ta nuno mana ƙafafun jikarta duk ƙuraje. Ɗalibar ta sauke hannu ta ce, "Malama, mai kamfanin ya san da wannan?"

Malama ta ce, "Bai taɓa zagayowa ba, 'yata. Ke ma ranar da kika hau kujerarsa, ba mai tilasta miki."

Da maganar ritaya ta taso, shugaban sashe ya kawo shawara a taron malamai cewa a soke darasin, tunda ɗalibai ba sa so. Wallahi raina ya ɓaci, har na miƙe zan yi magana. Malama ta ja min riga, ta ce wa shugaban sashe, "Ranka ya daɗe, a tambaye su mana."

Aka kira shugaban aji, wani da suke ce wa Manaja don ba ya rabuwa da kwat ko ana zuba rana. Ya sosa ƙeya ya ce, "Gaskiya, Malam, ba ma son sa. Ga wari, ga rana, takalmina har yau bai dawo daidai ba. Amma don Allah kada a cire. Ƙanena zai shigo baɗi, shi zai riƙe shagon babanmu. Ina so shi ma ya shaƙi warin nan."

Ɗaki ya kaure da dariya, shugaban sashe ma sai da ya dara, aka fasa soke darasin. Da aka zo kan wanda zai gaje ta, idanu suka yo kaina. Ni, mai koya wa mutane yadda ake ƙawata kaya! Na amsa, kuma da farin ciki na amsa.

Malama, ke ce kika koyar ba tare da tsawa ba. Ke ce aka yi wa suna don tsokana kika mai da shi ado. Mun gode, Allah ya ba ki hutu mai daɗi da lafiyar ƙafa. Ku kuma masu shago da masana'anta, ba sai kun zo ajinmu ba. Gobe ku zagaya ta baya, ku bi ruwanku, ku gaishe da wanda kuka tarar.