Ƙotocin Sandunan Baba

Ni ɗan fari ne, kuma Baba bai taɓa kiran sunana ba har ya koma ga Mahaliccinsa. In yana son ruwa ina tsaye a kansa, bango zai duba ya ce, "A kawo ruwa." In ya ga na rame sai ya tambayi autarmu, "Wancan ba ya cin abinci ne?" Ita ce bakinsa, ita ce kunnena. Da Inna ta rasu, auta kuma aure ya kai ta Katsina, sai gidanmu na Unguwar Dosa ya rage mu uku: ni, da matata wadda kunyar suruki ba ta barin ta ɗaga kai a gabansa, da Baba. Muna kwana gida ɗaya muna tashi gida ɗaya, amma maganar da ke shiga tsakaninmu ba ta wuce gaisuwa.

Abu ɗaya ya rage masa a duniya da yake wa ɗoki, shi ne golf, wanda a rediyo suke ce wa ƙwallon lambu. Mutanen unguwa na ganin wasan manya ne, suna mamakin me ya haɗa tsohon direban ofis da shi. Abin da ba su sani ba, tun yana saurayi yake ɗaukar wa Turawa jakar sanduna a filin, a nan ya koya da ido. Wani daga cikinsu da zai koma ƙasarsu ya bar masa sanduna tara na ayon, wato masu kan ƙarfe, kowace da lambarta a ƙasa. Ƙotocinsu ma na ƙarfe ne, dogaye, sirara, masu sheƙi. Kowace Juma'a da la'asar sai ya shimfiɗa tabarma a tsakar gida ya goge su ɗaya bayan ɗaya da tsumma da ɗan man keken ɗinki. Ban taɓa ganin ya shafa kaina ba, amma na sha ganin yana shafa sandunan nan, kuma ba zan ɓoye ba, ina yaro na yi kishinsu.

Ranar Asabar suke wasa, shi da amininsa, wani tsohon hedimasta Kirista mutumin kudancin Kaduna da ke zaune a Unguwar Sarki. Juma'a ta Baba ce, Lahadi ta Hedimasta, don haka Asabar ta zama tasu su biyu. Sun fi shekara talatin a haka.

Sai tsufa ya shiga hannun Baba. Wuyan hannunsa ya kumbura, gwiwar hannun dama ta ƙi miƙewa sosai. Ƙotar ƙarfe ba ta da tausayi. Duk bugun da ya daki ƙasa, girgizar na bin ta ta haura har kafaɗa, musamman da rani lokacin da filin ya bushe ya yi tauri. Ni nake kai shi a mota, tunda sitiyari ma ya gagare shi. Ina ganin yadda yake cije leɓe bayan kowane bugu, ya ɓoye hannun a aljihu. Mu dawo gida ya kasa ɗaga buta sai da hannu biyu.

Hedimasta shi tuni ya koma ƙotar girafait, wata baƙar aba mara nauyi da ke shanye girgiza. Kullum sai sun yi a kan ta.

"Alhaji, ka bar wahalar da kanka. Riƙe wannan ka ji, kamar ba ka riƙe komai ba."

"To ai shi ne abin. Ni in ban ji nauyi a hannuna ba, me na riƙe ke nan? Sandar 'yan mata ce wannan, Hedimasta. Ka haɗa da jakar hannu."

"Ka ci gaba. Ƙarfe da ƙashi dai an san mai kayar da wani."

Su yi dariya. Ni kuwa raina ɓaci yake yi. Ina da saurin fushi, kuma ba abin da ke tunzura ni kamar ganin mutum na cutar da kansa don taurin kai. Likita ya faɗa a gabana, ko ya sauya sanda ko ya bar wasan. Baba ya ce da tagar ɗakin likitan, "An ji." Na so in zauna in ce masa, Baba, ka dubi Allah ka dubi hannunka. Sau uku ina zuwa bakin ƙofarsa da wannan niyya, sai in gaishe shi in tambaye shi ko akwai saƙo, in juya.

Da damina ta ja baya ya tafi Katabu wajen ƙanwarsa, zai yi mako guda saboda bikin jikarta. Ya bar jakar a bayan ƙofa. A nan shaiɗan ya ba ni shawara, ni kuma na ɗauke ta a matsayin biyayya ga mahaifi.

Na samu wasu sanduna na gwanjo masu ƙotar girafait a hannun wani mai sayar da kayan wasanni. Na bahagwai ne, shi ya sa suka daɗe ba wanda ya taya. Ban damu ba, ƙotocin kawai nake so. Dabarata ita ce a cire kawunan Baba a dasa su a kan waɗannan, ya dawo ya tarar aikin gama ya gama. Akwai wani dattijo a filin wasan da wannan ce sana'arsa, gyaran sanduna. Na guje shi da gangan, don na san kafin magariba labari ya isa Katabu. Sai na kwashi kayan na kai wa mai waldan da ya yi mana ƙofar gida.

Ya jujjuya ɗaya a hannu. "Wannan ai ba aiki ba ne, Yallaɓai. Ƙota ƙota ce, ko ta fartanya ko ta Bature. Gam ne ya riƙe ta, wuta za a nuna mata ta saki."

Ya kunna wutarsa ya gasa wuyan sandunan Baba, kawunan suka zare sumul. Sannan ya juya kan na gwanjon da wutar nan dai. Na ji wani ƙauri kamar ana ƙona roba, na tambaya, ya ce tsohon gam ne ke fita. Daga baya na san cewa girafait zare ne aka naɗe aka daskarar da shi da gam, in wuta ta taɓa shi ya mutu daga ciki ko da waje bai nuna ba. Ya kankare bakin, ya kwaɓa gam, ya soka, ya goge. Suka fito tsaf, baƙaƙe, suna ƙyalli. Ya tambaye ni tsofaffin ƙarafan fa, na ce ya riƙe, me zan yi da su. Guda takwas ne. Ban ma lura babu mai lamba bakwai ba, ashe ita Baba ya tafi da ita, don kullum da safe sai ya yi lilo da ita a tsakar gida ya warware jiki.

Ya dawo ranar Alhamis. Juma'a da la'asar ya shimfiɗa tabarmarsa, ya jawo jaka, ya zaro ta farko. Ina leƙensa ta taga. Ya daɗe yana dubanta. Ya zaro ta biyu, ta uku, har ya jera su duka. Ya shafa ƙotar da babban yatsa. Na jira faɗa, wallahi na ma so ya yi, ko zagi ne, in dai da ni yake. Ya rufe kwalbar mai bai goge ko ɗaya ba, ya mayar da su ya shige ɗaki.

Da safe na ji ya ce da tsakar gida, "A tayar da mota."

Bugun farko da wata babbar sanda ake yi, wadda ba ta cikin taran nan kuma ban taɓa ta ba, ya tafi lafiya. A na biyu ya zaro mai lamba biyar. Hedimasta ya ga baƙar ƙota ya buɗe baki, ya dube ni, ya dubi Baba. Baba ya gyara tsayuwa ya ɗaga ya sauke. Na ji ƙas. Ƙwallon ta gangara taku kaɗan, kan sandar kuwa ya tashi sama yana juyi, ya wuce ta, ya faɗa cikin ciyawa. Wasu samari da ke jiran mu wuce suka kwashe da dariya, ɗaya har da riƙe ciki. Ba mugunta suka yi ba, abin da ban dariya in ba mahaifinka ba ne.

Baba bai waiwaya ba. Ya zaro mai lamba shida ya buga, ta karye a wuya, zare ya fito buzu-buzu. Ya zaro mai lamba takwas, ita ma haka. Dariyar ta tsaya. Ya tsaya da guntun ƙota a hannu, tsohon da ya yi shekara hamsin ba a taɓa yi masa dariya a filin nan ba. Ya sa ta a jaka a hankali, ya ce da iska, "A kai ni gida."

Na ajiye shi na wuce wajen mai walda da gudu, zuciyata na tafasa. Na tarar ya riga ya yayyanka ƙarafan, ya jera su a tagar wani shagon kayan masarufi don maganin ɓarayi, har an shafa musu shuɗin fenti. Na zage shi ta uwa ta uba. Ya bari na gama ya ce, "Yallaɓai, ni na je gidanku na ɗauko?" Gyaran gangar Auzinawa na yi, kuma da hannuna na yi shi.

Na sa aka kawo sababbin sanduna daga Legas, cikakkun girafait na gaske. Na ajiye a ƙofar ɗakinsa. Ya ce, "A gode." Ledarsu ma bai cire ba. Dattijon filin ya ce a kawo tsofaffin kawunan ya sa musu sabon ƙarfe, Baba ya ce a bar su inda suke. Hedimasta ya yi ta zuwa ranar Asabar, su zauna a ƙofar gida su sha shayi, ya roƙe shi, ya tsokane shi, a banza. Mai lamba bakwai ta zama sandar dogarawa. Yakan juya ta, ya riƙe kan, ya doka mariƙin a ƙasa zuwa masallaci. Mutumin da ke zaga fili da ƙafa tun hantsi har azahar, cikin shekara guda sai an kama shi yake haura dakali. Hannun ya daina kumburi, gaskiya ne. Sauran jikin ne ya tafi. A damina ta biyu muka kai shi makwanci.

Ranar sadakar uku, da mutane suka ragu, Hedimasta ya matso kusa da ni a kan tabarma. Ya cire hularsa ya riƙe.

"Ɗana, akwai magana. Ya hana ni faɗa, amma yanzu ba ya nan, ni ma ban san kwanana ba."

Na ce masa ina ji.

"Asabar ɗin da zai tafi Katabu, ka je ɗauko mota, ya karɓi tawa mai lamba bakwai ya buga sau uku. Ya ce, 'Hedimasta, kar ka yi min dariya, abin nan ba ya zafi.' Ya ce in ya dawo in same ka in ce ka nemo masa irin nawa, shi bakinsa ba zai iya ba. Nasa na ƙarfe kuma a ajiye su yadda suke, ya ce kai zai bar wa. Ni na ce bari sai Asabar mai zuwa in mun haɗu. Kwana bakwai kacal, ɗana."

Na tambaye shi don me bai gaya min ba duk tsawon wannan lokaci.

"Ya rantsar da ni. Ya ce, 'Yaron nan don ni ya yi. Abin da yake ɗauke da shi ya ishe shi, kar a ƙara masa.'"

Na tashi na shiga ɗakin Baba na rufe ƙofa. Sababbin sandunan na jingine a kusurwa cikin ledarsu, mai lamba bakwai na gefen gado, mariƙinta ya cinye saboda dukan ƙasa. Na ɗauke ta na ji nauyinta a hannuna, na zauna a bakin gadon na yi kukan da ban yi a maƙabarta ba.

Shagon kayan masarufin nan yana kan hanyata ta zuwa aiki. Fentin ya fara ɓarewa, in rana ta doki tagar ana ganin sheƙin ƙarfen daga ƙasa. Akwai wata hanyar ta baya da ta fi kusa, amma ta nan nake bi.