Malam Nata'ala Mai Maleji da Sunan Haruna

Duk wanda ya saba bi ta Dukawuya da hantsi ya san rumfar Malam Nata'ala. Ba wani gareji ba ne na a zo a gani, kwano ne aka kafa a jikin katangar gidansu, sai benci da ɗan tebur. Idan ya karya kumallo yakan fito ya share gaban rumfar, ya shimfiɗa farin ƙyalle a kan teburin, ya jera ƙananan kayan aikinsa, ya kunna rediyo ƙasa-ƙasa. Sana'arsa gyaran maleji, wato agogon nan na gaban direba mai nuna gudun mota da nisan da ta ci. A da cikakken bakanike ne, mai sauke inji ya mayar. Ƙarshen watan nan zai rufe rumfar, don idonsa ya daina rarrabe ƙananan haƙoran da yake aiki da su.

Da aka gaya masa za a rubuta wani abu a kansa, sai ya sunkuyar da kai. Can ya ce, "In dole sai kun rubuta, ku fara da abin da na yi wa Haruna. In kuka tsallake shi, kun yi mini ƙarya."

To, ga abin da ya faru.

A shekarar da soja suka miƙa mulki ga farar hula, ƙungiyar taimakon kai da kai ta unguwa ta sayi wata tsohuwar Landiroba a gwanjo. Ita ce motar kai mara lafiya asibiti, ita ke ɗaukar mai naƙuda, ita ke mayar da gawar ɗan ci-rani ƙauyensu. Aka damƙa ta a hannun Haruna, direba mai sanyin hali da ke zaune da tsohuwar mahaifiyarsa a Soron Ɗinki. Da damina ta kankama, motar ta riƙa kafewa a hanyoyin ƙauye. Malam Nata'ala ne ya ba da shawara a sa mata manyan tayoyi, shi ya zaɓo su, shi ya ɗaura. Motar ta ɗago, ta daina kafewa, kowa ya yaba.

Lokacin kuwa ana wahalar fetur, kuma sabuwar iska ta kaɗa: kowa a rediyo maganar bincike yake, kowa na son a ga ya kama maciyin amana. Alhaji Lawal, shugaban ƙungiya, ya lura man da ake zuba wa motar ya fi ƙarfin tafiyar da maleji ke nunawa. Aka tara dattawa a ƙofar masallaci bayan la'asar, aka kira Haruna. Ya rantse bai taɓa zuƙar ko cokali ba. Sai aka juya ga bakanike.

"Malam Nata'ala, kai ka san cikin motar nan. Tana yoyo ne?"

"Ba ta yoyo," in ji shi. "Inji lafiyarsa ƙalau. Maleji kuwa ba ya ƙarya."

Maganar nan ta ƙarshe ita ta yanke wa Haruna hukunci. Ya ajiye makulli a kan tabarma, ya tafi, aka ba wani direba motar. Kafin sati ya zagayo yara sun raɗa masa Haruna Tiyo, sunan robar da ake zuƙe mai da ita. Babu mai motar da ya yarda ya ɗauke shi. Mutumin da ya yi rabin rayuwarsa a kan sitiyari ya koma dako a Kasuwar Kurmi.

Wata rana Gwaggo 'Yardada, ungozomar unguwa, wadda ta fi kowa hawa motar, ta tsaya a rumfar tana gyara mayafi.

"Nata'ala, tun da ka sa wa motar nan manyan takalma take tashi sama da mu. Haruna ya yi ta ce mini, Gwaggo, allura ba ta wuce sittin ba. Yanzu sabon direban ma abin da yake faɗa ke nan, kuma jiya na ji Alhaji na cewa mai bai daina ɓacewa ba. To su biyun duk maƙaryata ne?"

Ta wuce abinta. Shi kuwa sifana ta suɓuce daga hannunsa. Ya shiga bayan rumfa ya gangaro da tsohuwar tayar da ya cire, ya shata mata gawayi, ya mirgina ta juyi ɗaya a ƙasa ya ja layi. Da aka kawo motar, ya yi wa sabuwar haka. Layin sabuwar ya zarce na tsohuwar da fiye da taki. Maleji juyin taya yake ƙirgawa, bai san an canza masa taya ba. Motar tana cin ƙasa fiye da abin da yake faɗa, tana gudu fiye da abin da allura ke nunawa, ga nauyin tayoyin ya ƙara wa injin ci. Babu wanda ya saci mai. Hanya ce ta sha.

Abin da ya fi ƙona masa rai, ya san wannan tun yana ɗan koyo. Alfahari da kyawun aikinsa ne ya mantar da shi.

A nan ne labarin ya yi muni, kuma shi da kansa ya ce kada a rage. Bai faɗa wa kowa ba. Ya tuna yadda ya daki ƙirji a gaban dattawa, ya tuna ana ce masa mai gaskiya, sai ya ji harshensa ya yi nauyi. Ya tafi Ƙofar Ruwa ya yi ta tonon tarkacen tsofaffin motoci, har ya samo 'yar ƙaramar giyar nan da wayar maleji ke shiga a jikin giyabos, mai ƙarancin haƙora, wadda za ta sa allura ta faɗi gaskiya. Niyyarsa ya ɗaura ta shiru, magana ta mutu. Ya jefa ta aljihu, yana cewa gobe. Ran nan a Kurmi ya hango Haruna tafe da ɗaurin fatu a ka, gumi na zuba. Malam Nata'ala, da furfurarsa, ya faɗa shagon mai kayan yaji ya tsuguna yana tayin kanumfarin da ba ya bukata, har Haruna ya wuce.

Ana cikin haka mahaifiyar Haruna ta rasu. Malam Nata'ala ya je gaisuwa. Haruna ya riƙe hannunsa da hannu biyu ya ce, "Na gode, Malam, Allah ya ba da lada." Malam Nata'ala ya fito daga zauren nan ya koma gida. Ya ce ko a sahun salla ya tsaya, ji yake kamar kowa na ganin abin da ke aljihunsa.

Bayan an share makoki, ya roƙi Alhaji Lawal ya tara mutanen da aka tara a da, a wurin da aka tara su, a kuma kira Haruna. Ya gangaro da tayoyin nan biyu har ƙofar masallaci, ya mirgina su a gaban kowa, ya nuna layukan.

"Jama'a, ni na ce maleji ba ya ƙarya. Ya yi, kuma ni na sa shi. Haruna bai ci muku komai ba. Duk wanda ya kira shi ɓarawo, da bakina ya kira shi."

Alhaji Lawal ya cire hula yana share goshi. Haruna bai ɗaga murya ba, tambaya ɗaya ya yi.

"Malam, yaushe ka gane?"

Babu wanda ya san amsar sai shi da Allah. Da ya ce jiya, da an yarda, har a yabe shi. Ya dubi ƙasa ya ce, "Tun Innarka tana da rai."

Haruna ya ce, "Kullum in zan fita sai ta ce, Haruna, in ka ɗauka ka mayar musu. Da wannan ta tafi." Ya tashi ya sa takalmansa.

Washegari Malam Nata'ala ya kwanta a ƙarƙashin motar ya ɗaura giyar, ya ɗauki Alhaji Lawal suka hau titin Gwarzo, suna gwada maleji da turakun kilomita na bakin hanya har suka ga sun zo daidai. Ƙungiya ta aika wa Haruna da makulli da ban haƙuri. Ya karɓi haƙurin, ya mayar da makullin. Daga baya ya samu tuƙi a wani wuri. Ya yi shekaru in ya haɗu da Malam Nata'ala sallama ce kawai, ba ƙari. Malam kuma bai taɓa tura wani ya roƙar masa ba. Ya ce ba shi da bakin da zai gaggauta wa Haruna.

Tun daga nan ya ajiye sauke inji, ya koma kan maleji kaɗai. Masu faci na unguwa sun shaida, in ya ga mota da manyan tayoyi sai ya tare direban: "An gyara maka agogo kuwa?" In an ce a'a, sai ya zaunar da shi ya ba shi labarin Haruna, da sunan kansa a ciki, ba ya sakayawa. Direbobi nawa ne suke zaton suna tafiya a hankali alhali suna sheƙa gudu da rayukan mutane, ya dawo da su hanya? Nawa ne ya tsare daga zargin iyayen gidansu? Bai ƙirga ba, mu ma ba mu sani ba. Bara, Haruna ya kawo motar maigidansa rumfar da kansa, ya zauna a benci har aka gama. Da zai tafi ya ce, "Malam, sai ka riƙa sa tabarau." Malam Nata'ala ya ce ranar ya yi kuka kamar yaro.

Malam, ba don ba ka yi kuskure ba muke jinjina maka. Kai ne ka yi shi, ka ƙara da shiru, kuma ka san akwai abin da ba zai gyaru ba har abada. Amma kai ne aka ba ƙofar tsira a buɗe, ba mai gani, ka ƙi bi. Kai ne ka mayar da kunyarka abin koyarwa, kana faɗinta da bakinka ga duk wanda ya tsaya a rumfarka. A garin nan mun ga masu muƙami da yawa sun hau sun sauka, ba mu cika jin wanda ya tara jama'a ya ce ni ne ba.

Mun gode, dattijo. Allah ya ƙara wa idonka haske, ya jiƙan Innar Haruna. Mu kuma da muka karanta, in akwai wanda maganarmu ta ɓata wa suna, mu tashi mu same shi yau, tun masu bukatar su ji suna raye.